Wai me ake nufi da watsa fenti a ƙyalle a ce damuwa ake fitarwa?

Kwanakin baya wani ƙanina ya miƙo min waya yana dariya har da riƙe ciki, wai in kalli wata baturiya a Instagram, ta shimfiɗa ƙaton farin ƙyalle a ƙasa, ta zuba shuɗin fenti, ta kawo ja ta watsa, ta sa tafin hannu ta murje, ta ɗauko wani abu kamar katin ATM ta kankare rabi, can kuma sai ta dawo da fari ta binne kusan duk abinda tayi, daga ƙarshe ta rubuta a ƙasa wai wannan shine baƙin cikin rasuwar mahaifiyarta. Yace Yaya don girman Allah ina baƙin cikin yake a nan? ba fuska, ba hawaye, ba kabari, ai ko autarmu 'yar shekara uku aka ba fenti zata yi wanda ya fi wannan. Nayi dariya nima, don gaskiya bani da amsar bashi a lokacin, amma tambayar tashi ba ta banza bace, kuma na lura duk inda aka saka irin bidiyon nan a cikin mutanenmu maganar kenan, ɓarnar fenti, rashin aikin yi, ko kuma ace turawa sun ƙoshi ne shi yasa.

Abin ya cakuɗe ne saboda abubuwa uku aka haɗa wuri guda, akwai zanen da bashi da siffar komai wanda turawa ke ce wa abstirak, akwai yinsa ba tare da an tsara ba sai abinda ya zo rai, sannan akwai shi kanshi fentin, akirilik, wanda mutane ke ɗauka ba ruwansa a maganar alhali a ganina rabin sirrin a wurinsa yake.

Na farkon ma ba baƙo bane a idonmu in zamu yi adalci. Ka tsaya gaban tsohon gida a cikin birnin Zariya ko Kano ka kalli zanen da magina suka yi a jikin bango, ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko zanen ƙwarya, ko lallen amarya, ko ɗaurin rini na Ƙofar Mata, akwai wanda ya taɓa tsayar da kai yace hoton waye wannan? Babu. Layi ne da lanƙwasa da kala, kuma ido ya gamsu. Bambancin dai shine namu yana da ƙa'ida, gado ne, mai ɗinkin riga ma sai an fara zana masa fasalin a jikin yadin sannan ya bi da allura, in ya kauce ace ya ɓata. Shi kuwa wanda muke magana a kai, mai yin ma bai san inda zai ƙare ba lokacin da ya fara.

A Turai sunan da aka fi kamawa in ana maganar farkon abin shine Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, an haifeshi 1866, lauya ya karanta fa, sai da ya kai shekara 30 sannan ya ajiye ya tafi Munich a Jamus koyon zane a 1896. Shi ya bada labarin cewa wata rana da magariba ya shigo ɗakin aikinsa ya hango wani zane a jingine mai wani irin kyau da bai taɓa gani ba, ba abinda yake ganewa a ciki sai kala da fasali, da ya matsa kusa ashe nashi ne aka jingina a karkace. Washegari da gari ya waye ya sake gwadawa abin ya ƙi, saboda ido ya riga ya gane abubuwan da ke ciki, daga nan ya fara zargin cewa siffar nan da kowa ke nema a zane ita ce ma take tare hanya. Hujjarsa kiɗa ce. Kuma wannan hujjar ni ta fi shiga ta, don in ka taɓa jin sarewar Bafulatani daga nesa da la'asar sakaliya, ko goge a tsakar dare, ka san babu kalma ko ɗaya a ciki amma sai kaji zuciyarka tayi nauyi, baka taɓa cewa mai sarewa to me kake nufi ba. Kandinsky yace kala ma zata iya haka, ya rubuta littafi a kai a 1911, har sunayen zanensa ma daga harkar kiɗa ya aro su. Wata 'yar Suwidin mai suna Hilma af Klint ta riga shi, tun 1906 take irin wannan zanen a ɓoye, ta bar wasiyya kada a nuna sai bayan shekara 20 da mutuwarta, ta rasu 1944, shekara ɗaya da Kandinsky ɗin, kuma da aka baje aikinta a gidan adana zane na Guggenheim a New York a 2018 mutum sama da dubu 600 suka je kallo. Wannan dai ratse ne.

Abinda ya fi bani mamaki da na zauna na yi tunani shine mu da muke dariyar nan, harshenmu kullum da kala yake faɗin abinda ke zuciya. Farin ciki, baƙin ciki. Cikin waye aka taɓa buɗewa aka ga fari? Baƙar magana, jan ido, jan hali, farin jini, baƙin jini, farar zuciya, kaga wane ya sha jan aiki. Duk wannan zane ne marar siffa muke yi da baki, kawai an saba ne shi yasa ba a jin baƙuntarsa. To mutumin da ya ɗauko baƙin fenti ya danna a ƙyalle da ƙarfi ranar da ransa ya ɓaci, bai yi wani abu da Bahaushe bai riga ya faɗa ba.

Sai dai a nan akwai tarko, kuma masu koyar da abin a intanet suna yawan jefa mutane ciki. Zaka ga an jera maka wai ja fushi, shuɗi natsuwa, rawaya murna, kamar haddar lissafi. Ba haka bane. Farin da muke cewa na ciki shine dai farin likkafani. A Sin fari na makoki ne ja na biki, a kudancin Ghana ja da baƙi ake sawa a jana'iza, bature in yana cikin ƙunci shuɗi yake kira, mu kuwa shuɗin turkuɗi mai sheƙi rawanin manya ne. Don haka zanen ba wasiƙa bane da za a rubuta a nan a karanta a can yadda aka rubuta. Ƙanina yana da gaskiya ta wani ɓangaren, baƙin cikin matar nan ba zai fito masa ɓaro-ɓaro ba, da bata rubuta ba zai iya cewa ruwan sama ta zana. Inda ya kuskure shine zaton da yayi cewa in shi bai karanta ba to babu abinda ya faru. Abu ya faru, amma mafi yawansa tsakaninta da ƙyallen ya faru, lokacin da take yi.

Batun yi ba tsari kuma asalinsa Faransa. A 1924 wani marubuci André Breton ya fitar da sanarwar ƙungiyarsu ta masu bin mafarki da abinda ke ƙarƙashin hankali, tunanin Freud, likitan nan mai nazarin mafarki, na yawo a kansu a lokacin, sai irin su André Masson suka riƙa sakin alƙalami ya yi ta yawo a takarda ba tare da sun ce masa ga inda zashi ba, daga baya su duba su ga me ya fito. Yaƙin duniya na biyu ya koro da yawansu New York, matasan masu zane na Amurka suka ɗauka daga nan. Wanda ya fi shahara shine Jackson Pollock, daga 1947 ya daina jingina ƙyalle, ya shimfiɗa shi a ƙasa a wani tsohon rumbu a Long Island, yana zagaye shi da gwangwanin fenti irin na gida da sanda yana ɗiga yana watsawa. Shine wanda aka fi yi wa ba'ar nan ta ai yaro ma zai iya. Amma shi da bakinsa ya musa cewa dace ne, yace shi ke juya yadda fentin ke zuba, kuma mutumin nan tun 1930 yake makarantar zane a hannun Thomas Hart Benton, shekara goma sha bakwai kenan kafin ya fara watsin. Wato wannan abinda ake kira ilhami ko abinda ya zo rai, ba daga sama yake faɗowa ba. Kalli uwar gida tana zuba gishiri a miyar mutum ashirin, ba cokali ba awo, hannu kawai take sawa ta watsa kuma ya zo daidai, in ka tambayeta nawa kika sa tace oho. Amarya ta gwada haka a satin farko kaji yadda za a kwashe. Dukansu biyun ba awo suka yi, amma ɗaya hannunta ya sha yau da gobe.

Ko a nan gida anyi mai irin wannan tunanin. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Ghana a 1946 ya koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya har ya rasu a haɗarin mota a 1995, an san shi da tsinka fenti ya zuba a ƙyalle ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abinda ya samu ya gyara, tsarinsa kenan, haɗa abinda ya faru bisa dace da abinda aka yi da niyya. Fentin mai yake amfani dashi ba akirilik ba, amma hanyar ɗaya ce.

To yanzu fentin. Akirilik garin kala ne aka kwaɓa cikin wani ruwan gam na roba, ƙananan ƙwayoyin roba ne da ido baya gani suke yawo a cikin ruwa, da ka shafa sai ruwan ya tashi, ƙwayoyin su matso su manne da juna su zama fata guda, shi yasa yana jiƙe ruwa ke wanke shi, ya bushe kuma ko ka jiƙa baya narkewa. Ɗan uwan fentin bango ne na ruwa wanda masu fenti ke ce wa imolshan, sai dai wannan ya fi yawan kala da ƙarfin gam. Ba tsohon abu bane, Otto Röhm wani masanin haɗa sinadarai a Jamus shi ya fara aiki kan wannan robar tun farkon ƙarni na 20, a ƙarshen shekarun 1940 Leonard Bocour da Sam Golden suka fitar da wani fentin akirilik mai suna Magna wanda ba da ruwa ake tsinka shi ba, sai a tsakiyar shekarun 1950 Henry Levison ya kawo Liquitex na ruwa, irin wanda kowa ke saye yanzu. Helen Frankenthaler, wadda ta yi suna da tsinka fenti ya zama kamar ruwan shayi ta zuba a ɗanyen ƙyalle ya tsotse, da na mai ta fara a 1952, amma man yana barin wani zobe a gefen kalar kamar yadda ƙosai ke yi wa takarda, a farkon shekarun 1960 ta koma akirilik.

Me yasa masu fitar da ta ciki suka fi son shi? Saurin bushewa. Fentin mai ba bushewa yake ta tashin ruwa ba, iska yake sha a hankali ya daskare, kwanaki ne ko makonni, in yayi kauri har watanni. Kace yau ranka a ɓace ka shafa baƙi, to sai ka jira sati kafin ka ɗora wani abu a kai, kafin nan ai har kun shirya da wanda ya ɓata maka ran. Akirilik kuwa in shafin bai yi kauri ba minti goma zuwa ashirin ya bushe, ka ɗora wani, ya bushe, ka sake ɗorawa, a zama ɗaya sai kayi hawa biyar shida, wato yana tafiya ne da saurin da zuciya ke juyawa. Kuma yana rufe na ƙasa ruf. Wannan rufewar ita ce babban abin, don tana cire tsoro, ba abinda zaka yi ace ya lalace kenan har abada, shi yasa da yawansu ke farawa da rubutu, su rubuta duk abinda ba zasu iya faɗa wa kowa ba a jikin ƙyallen da gawayi ko fensir, zagi ne, kuka ne, sunan wani ne, sannan su bi da fenti su binne, maganar tana nan a ƙasa amma ba mai karantawa. Ga mutanen da aka rena da kunya da kara da ta ciki na ciki irinmu, ni banga dabarar da ta fi wannan dacewa ba. Barin kashi a ciki baya maganin yunwa, amma kuma ba kowace magana ce ake fitarwa a gaban mutane ba.

Ni dai sai da na gwada, don gani ya kori ji. Ban sayi ƙyalle ba, kwalin firij na samu na yanka, na shafe shi da farin fenti ya kwana, na sayo ƙananan robobi biyar, ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi, da burushi irin na masu fentin ƙofa da soson wanke-wanke. Kuskuren farko lokacin hunturu nayi, iskar nan mai busar da leɓe, wallahi kafin in juya in ɗebo wata kalar wadda na matsa a faranti tayi fata, burushin da na ajiye na amsa waya kuwa na dawo na same shi ya sandare kamar tsinken tsire, sai jefarwa. Daga baya na gane dole ka ajiye burushi cikin ruwa, kuma ka samu 'yar robar fesa ruwa irin ta masu aski kana fesawa. Kuskure na biyu shine wanda duk sabon shiga ke yi, zumuɗi, na zuba ja na zuba shuɗi na zuba rawaya duk suna jiƙe na hau murzawa, cikin minti uku komai ya koma kalar taɓon kwata. Haka abin yake, ukun nan in suka haɗu gaba ɗaya kashe juna suke, ja da kore ma haka, shuɗi da ruwan lemo haka, sai ka bari ɗaya ya bushe sannan ɗayan ya hau kansa kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ga kuma wata yaudarar, kalar da ka gani yana jiƙe ba ita zaka samu ba, gam ɗin yana jiƙe fari-fari ne kamar madara, in ya bushe sai ya washe, kalar ta ƙara duhu.

Amma a wannan taɓon ne na fahimci abinda bidiyon nan basa nunawa, don su a minti ɗaya suke yanko maka aikin awa uku. Minti goma sha biyar na farko jiki ne ke aiki, kafaɗa, gwiwar hannu, kana dannawa kana ja, in kana cikin fushi layin da kansa yake fitowa da kaifi da sauri, in jikinka a mace yake sai kaga kana ta shafa wuri ɗaya a hankali kamar mai lallashin jariri, ba wai ka yanke shawarar haka bane, yadda tafiyar mutum ke nuna ransa a ɓace yake tun daga nesa haka hannu ma. Wannan shine fitarwar, kuma gaskiya a nan ɗan shekara uku ma zai iya, ban musa ba. Sai ka tsaya. Ka ja da baya taku huɗu biyar ka kalla, ka juya kwalin kai ƙasa, ka shiga ɗaki ka fito, sai kaga abin yanzu ya fita daga jikinka yana can yana kallonka, kuma yana neman wani abu, gefen hagu yayi nauyi, tsakiya ta toshe ba wurin numfashi, akwai wani ɗan jan da ya leƙo ta ƙasan taɓon da baka san ya tsira ba kuma baka son ka rasa shi. Daga nan ba zubarwa kake ba, amsa kake bayarwa, ka sa abu ya baka amsa ka sake sawa, kamar ciniki. Kuma lokacin da kake tunanin ina zan sa fari don wurin nan ya buɗe, damuwar da ta hanaka barci ta koma matsalar da hannu zai iya taɓawa, ba ta tafi ba, amma ta samu gefe da iyaka, faɗinta kamu uku ne. Ni a fahimtata nan ne sauƙin yake fitowa, ba a watsin farko ba. Mafi wuya kuma sanin inda za a tsaya, nawa sai da na kashe shi sau biyu da ƙari.

To yana magani kenan? A nan sai an taka a hankali. Maganar jinya da zane wani mai zane ɗan Ingila Adrian Hill ne ya raɗa mata suna a 1942, bayan ya kwanta jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ya ɗauke masa hankali, ya fara koya wa 'yan uwansa majinyata, yau kuma fanni ne da ake karanta a jami'a a bada shaida. A 2016 Girija Kaimal da abokan aikinta a Jami'ar Drexel ta Amurka sun sa mutum 39 aikin hannu na minti 45, suka auna sinadarin kotizol na damuwa a yawunsu kafin da bayan, kusan kashi 75 cikin ɗari nasu ya sauka, kuma ba ruwan abin da ko ka iya zane ko baka iya ba. Labari ne mai daɗi amma mutum 39 ne, ba a kuma ware wasu da suka zauna kawai suna hutawa ba balle a kwatanta. Sannan ka duba manyan fannin da kansu. Pollock shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, ya mutu a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 44. Mark Rothko, mai manyan faifan kala masu kamar suna numfashi, wanda yace shi ba kala ce ta dame shi ba, abinda ɗan Adam ke ji a zuciya yake nema, kuma mutane na tsayawa gaban zanensa su fashe da kuka, shi ya kashe kansa a 1970. Don haka wanda damuwa ta kai shi ga daina cin abinci, ko barci, ko tunanin cutar da kansa, likita zai gani, a haɗa da addu'a da 'yan uwa, fenti ba zai ɗauki wannan kayan shi kaɗai ba.

Maganar ɗana ma zai iya kuwa, har gwada ta anyi. A 1964 wani ɗan jarida a Suwidin ya ba wani biri fenti a gidan zu, ya kai zanen wurin baje koli a Gothenburg da sunan wai wani Bafaranshe Pierre Brassau, wasu masu sharhi suka yaba sosai, aka sha dariya. Amma a 2011 wasu masu bincike Angelina Hawley-Dolan da Ellen Winner a Boston suka jera zanen ƙwararru kusa da na yara da birai da giwaye, mutane su zaɓa, har da musanya sunayen don a ruɗe su, kuma duk da haka mafi yawan lokuta, wajen sau shida zuwa bakwai cikin goma, na ƙwararrun aka ɗauka. Ba goma bisa goma bane, kaga kenan masu ba'a suna da ɗan abin kamawa, amma ido yana hango niyya ko da baki bai iya faɗin ta ina ba. Batun kuɗi kuma daban ne, in kaji an sayar da zanen Rothko kusan dala miliyan 87 a 2012, wannan kasuwar attajirai ce da suna da ajiyar dukiya, bata auna zurfin abinda mutum ya ji. Kuma in faɗi gaskiya da yawan abinda ke yawo a TikTok adon falo ne kawai, kala uku masu tafiya da kujeru, a ɗan liƙa ruwan gwal, sai a rubuta labari mai sosa rai a ƙasa don ya sayu. Ba laifi bane mutum ya nemi abinci, amma ba duk wanda ya watsa fenti bane yake fitar da wani abu.

Akwai kuma abinda ya sa nake ganin abin zai iya zama a wurinmu fiye da sauran nau'in zane, babu mai rai a ciki, don haka maganar da malamai suka yi kan zana siffar mutum ko dabba bata taso ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo, yaje Landan ya koyo zane irin na turawa a shekarun 1950, ya dawo Khartoum ya baje aikinsa mutanen gari basu kula ba, sai ya koma ya duba me ke rataye a ɗakunansu, ya ga rubutun larabci ne da ado, ya fara farfasa haruffa yana ciro fasali daga cikinsu. Nashi ba duka bane marar siffa, fuskoki na leƙowa, amma yadda yake aiki shine wannan ɗin, ya fara daga ɗan ƙwaya guda a tsakiya ya bar shi ya tsiro. A 1975 gwamnatin shugaban Sudan Nimeiri ta kulle shi a kurkukun Kober wata shida da 'yan kai ba shari'a, a ciki yake yagar takardar buhun siminti yana zane da guntun fensir, in gandiroba ya taho ya binne a yashi. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya mai tsanani har baya iya tsayuwa gaban babban allo, sai ya koma buɗe kwalayen maganin da yake sha, yana zaune a kujera yana zane a bayansu da alƙalami, ɗaruruwa yayi, yace in yana yi baya jin ciwon.

Nawa kwalin dai na jingina shi a zaure ya ƙarasa bushewa, na kira ƙanin nawa yazo ya gani, ya daɗe yana kallo yana karkata kai sannan yace Yaya wannan kamar kasuwa ce ta ƙone, nace to ka dai ga wani abu. Bayan kwana biyu na fito neman shi ban gani ba, ashe Inna ce ta ɗauka, ta kifa shi a tsakar gida ta shanya kuɓewa a bayan, tace ta ga yafi tabarma saurin ɗaukar rana.